Abin Lura: Inda Aka Aza Kaya

Duk ranar Alhamis, kafin hantsi ya dubi ludayi, hanyoyin rairayin da ke shiga Maigatari sun cika da amalanken shanu. Daga ƙauyukan kewaye ake tahowa, da na gabashin Sule Tankarkar, har da na tsallaken iyaka ta ɓangaren Damagaram. Wannan ya ɗauko gero, wancan riɗi, wani zoɓo, wani kuma harawa aka labta masa har ba a ganin yaron da ke korar shanun. Wanda ya tsaya bakin hanya ya zuba ido, ba zai daɗe ba zai ga amalanke biyu masu kaya iri ɗaya, bijimansu kusan sa'o'in juna, amma tafiyarsu ta sha bamban. Na farko yana tafe cikin natsuwa, shanun na kaɗa wutsiya. Na biyu kuwa shanun sun sunkuyar da kai suna haki, yaro na ta zabga musu bulala, su yi taku goma su cije.

Masu wucewa sukan yanke hukunci nan take. Wani ya ce kaya ya yi yawa, wani ya ce shanun ragwaye ne, wani ya ce ba su ƙoshi ba. Dattijon da ya tsufa a sana'ar ba ya fara duban shanu. Taya yake duba, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi inda tsakiyar kayan ta faɗa. Sai ka ji ya ce, "Kai yaro, ajiye bulalar nan. Sauko ka ja buhun gaba ka mayar da shi baya." A ja buhu ɗaya, ba a rage ko mudu ba, tafiya ta miƙe.

Amalanke ba baƙo ba ne a ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗu suka zama masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta jigawa da rairayi, babu babban kogin da ya ratsa ta, kuma ƙauyuka da yawa sun yi nisa da kwalta. Layin dogon da ya bi ta Gagarawa ya isa Nguru a 1930 ya kwashi gyaɗa zuwa Kano, amma daga gona zuwa tasha dabba ce ke ɗauka. Noma da shanun huɗa ya fara shigowa Arewa a ƙarshen shekarun 1920, daga baya masu walda suka riƙa ƙera amalanke da tsohon ƙarfen ƙafar mota da tayoyinta. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hau, darajar amalanke ta daɗa fitowa. Shi ne kai taki gona da bazara, shi ne kwaso amfani da kaka, shi ne ɗebo jarkokin ruwa daga rijiyar burtsatse, wani lokaci ma shi ne kai mara lafiya bakin titi.

Ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa. Akwai gadon da ake ɗora kaya, akwai ƙarfen da ya gitta ƙarƙashinsa ya riƙe tayoyi biyu, wanda makanikai ke cewa aksul, akwai kuma dogon ƙarfen da ya miƙe gaba ya je ya haɗu da karkiyar da ke wuyan shanu, gaban tozo. Tayoyi biyu kaɗai ne, saboda haka gadon yana lilo a kan aksul. Nauyin da ya zauna daidai saman tayoyi, ƙasa ce ke ɗaukarsa, aikin shanu ja ne kawai. Wanda ya zarce gaba, a wuyansu yake sauka. Wanda ya koma baya kuwa, ɗaga dogon ƙarfen yake yi sama, igiyar da ke ƙarƙashin wuya ta shaƙe maƙogwaro.

Lissafin ma a bayyane yake. A ce an ɗora buhu biyar na gero, kowanne kilo 100, kuma daga aksul zuwa karkiya mita 3 ne. Idan tsakiyar nauyin ta zarce aksul da santimita 20 ta gaba, abin da zai danne wuyan shanun biyu bai wuce kilo 33 da 'yan kai ba. Idan aka matsar da kayan gaba har tazarar ta kai santimita 60, nauyin da ke wuya ya zama kilo 100. Gero bai ƙaru ba, amma abin da wuya ke ɗauka ya ninka uku, kuma a haka za a yi tafiyar awa biyu ko uku cikin rairayi. Daga nan ne ake samun kumburin wuya da gyambon da ƙuda ke bi, har a jingine sa mako da makonni a tsakiyar aiki. Idan kuwa santimita 20 ɗin ta baya aka yi, kilo 33 ɗin nan sama zai riƙa fizgar karkiya. Shanun ba sa samun dafa ƙasa da ƙarfi, numfashi na yanke musu, ja ya gagara.

Shi ya sa masanin sana'ar ba ya neman ya raba wuyan shanu da nauyi gaba ɗaya. Yakan bar musu ɗan kaɗan, gwargwadon abin da zai zaunar da karkiya a mazauninta. Kafin a ɗaura shanu, sai ya kama bakin dogon ƙarfen ya ɗaga. In ya ɗagu da ɗan nauyi a hannu, lodi ya yi. In sai an taru a kansa, kaya ya yi gaba. In kuwa da kansa yake neman tashi sama, kaya ya yi baya.

Tsawon ƙarfen ma yana da tasa maganar. Ɗauki kayan nan na ɗazu da ya zarce gaba da santimita 60: in ƙarfen mita 4 ne maimakon 3, kilo 75 ne zai sauka a wuya, ba 100 ba. Dogon ƙarfe yana rage zafin kuskuren mai lodi, kuma in taya ta faɗa rami, girgizar ba ta isa wuya da ƙarfi. Amma a lungunan cikin garin Gumel, ko cikin cunkoson kasuwa, mai dogon amalanke sai ya nemi fili kafin ya juya. Gajere yana shan kwana nan da nan, sai dai duk wani gargada a wuyan shanu yake ƙarewa, in ya cika gajarta ma gadon ya riƙa bugun dugadugansu. Mai walda na gari kafin ya yanka ƙarfe yakan tambaya, "Alhaji, me za a riƙa ɗauka da shi? Wace hanya zai bi? Shanun manya ne ko 'yan koyo?" Amsar ce ke nuna masa inda zai liƙa aksul da tsawon da zai bari.

Wannan ilimi da ke hannun mutanen da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba, shi ne dai ake ta muhawara a kansa a wani wasan ruwa da ya bazu a duniya daga wajen 2019. Mutum ne zai tsaya a kan wani allo mai kama da ƙaramin kwalekwale, ya riƙe wani fiffike na yadi da ake hura wa iska, mara nauyi, wanda ba a ɗaure shi a jikin allon ba. Iska ta tura shi, da gudu ya kankama sai allon ya rabu da ruwa ya tashi sama, mutum na tafe kamar yana shawagi. A tsibirin Maui na Hawai da ke Amurka wasan ya yi ƙarfi, a Afirka kuma ana yinsa a Dakhla da ke gaɓar Tekun Atlantika da tsibirin Sal na ƙasar Cape Verde, inda iska ke kaɗawa kusan kullum.

Abin da ke ɗaga allon yana ƙarƙashin ruwa, ana ce masa foyil, kuma dabararsa ta girmi wasan nesa ba kusa ba. Wani injiniya ɗan Italiya, Enrico Forlanini, ya gwada jirgin ruwa mai irin wannan fiffike a tafkin Maggiore a 1906. A 1919 jirgin da Alexander Graham Bell da abokin aikinsa Casey Baldwin suka ƙera ya yi gudun da ya haura kilomita 110 a awa a wani tafki a Kanada. A gasar Olamfik ta 2024 ma, tseren alluna masu tafiya da iska da aka yi a Marseille ta Faransa a kan foyil aka yi shi.

Sassa huɗu ne suka haɗa foyil. Akwai turke, wanda ke sauka daga ƙasan allo zuwa cikin ruwa, tsawonsa galibi tsakanin santimita 70 da 90. A ƙarshen turken akwai wata sanda a kwance da ta miƙe daga gaba zuwa baya, ita ce ƙashin bayan foyil ɗin, tsawonta a wannan wasa yakan kama daga santimita 60 zuwa 75 ko kusa da haka. A goshinta akwai babban fiffike, a wutsiyarta akwai ƙarami. Babban shi ke ɗaga mutum da allonsa. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, shi ya sa fiffiken da bai wuce tsawon hannu biyu ba yake iya ɗaga ƙato. Ƙaramin na baya kuma shi ke hana babban kifewa, yana danna wutsiya ƙasa domin goshi ya tsaya daidai.

Da zarar allo ya rabu da ruwa, duk nauyin mutum ya koma kan wuri ɗaya, wato babban fiffiken nan, kamar yadda nauyin amalanke ke kan aksul. A ƙasan allon akwai kwari biyu a jere da ake zura kusoshin turke a ciki, domin a iya matsar da shi gaba ko baya. In aka kai turke gaba da yawa, abin da ke ɗagawa ya shiga gaban mai wasa, goshin allo ya riƙa cira sama, sai ya yi ta danne shi da ƙafar gaba har cinya ta gaji. Ya ɗan yi sake, fiffiken ya ɓullo saman ruwa ya shaƙi iska, ƙarfin ɗagawar ya ɓace nan take, mutum ya faɗo da ka. In aka mayar da turke baya da yawa, allon ba ya son tashi, goshinsa na ta nutsewa, duk aikin ya koma kan ƙafar baya. Abin da gwanaye ke nema shi ne nauyi ya rabu a ƙafafu biyu, da ɗan rinjaye kaɗan a ta gaba. Suna ma da gwajinsu na hannu kafin shiga ruwa: a kifar da allon, a ɗaga shi ta wajen babban fiffike, in ya rataya a miƙe ba tare da ya karkata gaba ko baya ba, turken ya kusa mazauninsa.

Tsawon sandar kwance kuwa shi ke yanke yawan ikon da ƙaramin fiffike ke da shi. In tana da tsawo, fiffiken baya ya yi nisa da na gaba, da ɗan ƙarfi kaɗan yake tare duk wani tangaɗi, allon ba ya saurin ɗaga goshi ko dulmiya shi, mai koyo yana samun sararin gyara tsayuwarsa kafin ya faɗi. Masu tseren gudu ma doguwa suke so, har a allunan Olamfik masu filafilai akwai sanda mai santimita 115. Gajeriya kuwa tana juyawa da sauri, tana amsa motsin ƙafa nan take, ita ce zaɓin masu hawa igiyar ruwa da masu tsalle, amma ba ta yafe kuskure. Wanda bai ƙware ba in ya hau ta, allon ya yi ta sama da ƙasa da shi har ya kayar da shi.

Wani abu kuma, daidaiton ba ya zama wuri ɗaya. Ƙarfin ɗagawar fiffike yana ninka huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, saboda haka mazaunin turken da ya yi daidai ranar da iska ke kaɗawa a hankali, zai iya zama ya yi gaba da yawa ranar da take busawa da ƙarfi. Haka in aka sauya fiffike ko sanda, sai an sake neman mazaunin turke. Mai amalanke ya san wannan a hanyarsa. Lodin da ya zauna daidai a miƙaƙƙiyar hanya, da an fara hawan tudun rairayi sai nauyinsa ya koma baya, musamman kaya mai tsawo irin kara da harawa, shi ya sa za ka ga yaro ya matso ya zauna a bakin gaba har a haye. A gangara kuma ya ja da baya. In aka sayar da manyan bijimai aka ɗaura ƙanana, gadon ya karkata gaba, tsohon tsarin lodi ya tashi daga aiki.

Yadda masu wasan ruwan ke gyara ma abin koyi ne. Ba sa kwance turke su kai shi ƙarshen kwari lokaci guda. Santimita ɗaya suke matsarwa, su ɗaure, su shiga ruwa su ji abin da ƙafafunsu za su gaya musu, su fito su ƙara ko su rage. Kuma ba sa sauya abu biyu tare, domin in an sauya sanda da mazaunin turke rana ɗaya, ba a sanin wanne ne ya gyara, wanne ne ya ɓata. Sababbin shiga ne ke saurin cewa fiffiken ya yi ƙanƙanta ko iska ba ta isa ba, su je su kashe kuɗi a kan sabo, alhali maganin yana cikin kusoshi huɗun da ke ƙasan allonsu.

A gidajenmu da wuraren aikinmu, ana yawan yin irin hukuncin masu wucewar nan. Gida ne mai mutum ashirin, babban ɗa shi kaɗai ke da albashi, malamin makaranta ne ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Kuɗin asibiti wuyansa, kuɗin makarantar ƙanne wuyansa, kayan ɗakin ƙanwa wuyansa, takin zamanin gonar gandu wuyansa. Ranar da ya fara gazawa sai a ce ya canza, ko matarsa ta mallake shi. Hidimar gidan ba ta fi ƙarfin gidan ba, an dai tattara ta ne an aza wa mutum ɗaya. Haka amaryar da ta shigo gida mai yawa aka sakar mata girki da daka da ɗiban ruwa, in ta rame a ce ba ta da juriya. Haka ofishin da ma'aikaci ɗaya mai ƙwazo ke yin aikin mutum biyar, sai ya kwanta ciwo ake gane cewa shi ke riƙe da wurin. Bulalar da ake ƙara wa irin waɗannan, ta gori ce ko ta faɗa, ba ta rage musu ko kilo ɗaya.

Ɗaya ɓangaren ma ɓarna ce, sai dai ba a cika lura da ita ba. A gidan nan dai akwai samari biyu ko uku da ba a taɓa ɗora musu komai ba, wai tausayi. Ba su san kuɗin mudun gero ba, ba a taɓa ce musu ga ƙaramar gona ku riƙe ba, ko ga awaki ku kula da su. Wanda ba shi da komai a wuyansa ba ya samun dafa ƙasa, duk inda iska ta kaɗa can zai yi. Tausayin da ya raba yaro da ɗawainiya gaba ɗaya shaƙe shi yake yi ta wata hanya. Da za a ɗauke buhu ɗaya daga wuyan babban a raba wa ƙannen, da an taimaki kowa: shi ya samu numfashi, su kuma su samu abin da zai zaunar da su.

Gyaran yana son irin haƙurin mai matsar da turke. Maigidan da ya farka rana ɗaya ya ce daga yau ya sauya tsarin gidan kakaf, yawanci rigima yake tayarwa, bai kuma san abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Gara a ɗauki hidima guda, a ce kuɗin makarantar auta daga wannan zangon wane ne zai biya, a bar shi ya zauna, a ga yadda ya kasance, sa'an nan a taɓa na gaba. Wanda aka fara ɗora wa nauyi kuma a ba shi dogon zango, kamar yadda ake ba mai koyo doguwar sanda: ya yi kuskure ya gyara ba tare da gidan ya kife ba. A riƙa sake duba rabon lokaci-lokaci, domin hanya tana da tudu da gangara. Shekarar da damina ta yi gardama, ko wani ya yi aure, ko wani ya rasa aiki, rabon da ya yi adalci bara ya zama zalunci bana ba tare da kowa ya yi nufin haka ba.

Addini ya hana a ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta, balle ɗan'adam. Sa ba ya magana, sai dai a karanta a wuyansa da numfashinsa. Mutum kuwa yana da baki, amma kunya da kara sukan rufe shi, babban ɗa ba zai iya duban mahaifinsa ya ce, "Baba, na gaji," ba. Saboda haka alhakin dubawa yana kan wanda ke rabon kaya. Ya tambaya tun kafin a kai ga gazawa, ya ƙirga hidimomin gidansa ko na ma'aikatarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga sunan wa ke gaban kowacce. In ya tarar suna ɗaya ne ke maimaita kansa daga sama har ƙasa, to ya san inda gyara zai fara.